Imel ya ƙi shiga filashi, wanda ya shiga kuma ya ƙi buɗewa

Tambaya: Ni akawu ne a wani kamfanin sayar da kayan gini. Da Outlook muke aiki, kuma duk rasit da wasiƙun da muka yi da masu kawo mana kaya tsawon shekara bakwai suna ciki. Za a canza mini kwamfuta, shi ne na so in kwafe su a filashi. Filashin mai giga 32 ne, babu komai a cikinsa, fayil ɗin kuma giga 9 ne kacal, amma kwamfutar ta ce ya yi girma. Wani lokaci kuma sai ta ce wata manhaja tana amfani da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, kwafin da na yi bara a wani filashi mai giga 128 da na saya a bakin hanya, na gwada shi a laftof ɗin gida, Outlook ya ƙi buɗe shi. Ina mafita?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin mu shiga komai, ka je ka gaya wa wanda zai canza maka kwamfutar cewa kada ya goge tsohuwar, kada kuma ya miƙa ta ga wani, sai ka ga wasiƙunka da idonka a kan sabuwar. A yanzu da nake rubuta maka wannan, ita kaɗai ce wurin da muka tabbatar wasiƙun nan suna zaune lafiya.

Ka kawo ƙorafi uku. Biyun farko masu sauƙi ne, domin kwamfutar ta buɗe baki ta gaya maka akwai matsala. Na ukun shi ne mai haɗari: bara kwamfutar ta nuna maka aiki ya kammala, ka cire filashi ka jefa a durowa, ka yi shekara guda hankalinka kwance alhali ba ka da komai a hannu. A shekarun da na yi ina kula da kwamfutocin ofisoshi, kusan duk asarar imel da na gani da irin wannan kwafin ta faru, wanda bai yi ƙara ba, bai nuna jan rubutu ba. Don haka zan wuce na farko da na biyu da sauri, mu zauna a kan na uku.

Batun “ya yi girma” ba shi da alaƙa da yawan fili. Kowane filashi yana da tsarin da aka shimfiɗa masa na rubuta fayiloli, kuma galibin masu giga 32 zuwa ƙasa suna fitowa daga kamfani da tsarin da ake kira FAT32. Tsoho ne, tun 1996 yake, lokacin da babu wanda ya yi tunanin fayil guda zai kai girman naka. Gurbin da ya ware don rubuta girman fayil ba ya ɗaukar lambar da ta wuce 4,294,967,295, wato giga 4 ba bait ɗaya. Kamar sito ne mai faɗi amma ƙofarsa ƙarama: buhu ɗari za su shiga ɗaya bayan ɗaya, tankin ruwa guda ba zai shiga ba. Ka danna maɓallin dama na linzami a kan filashin, ka zaɓi Properties, za ka ga an rubuta FAT32.

Magani shi ne ka sake yi masa fomatin zuwa NTFS ko exFAT. Tunda ka ce babu komai a ciki, ba ka da abin da za ka rasa. In duk kwamfutocinku Windows ne, NTFS na fi so, domin yana riƙe da wani ɗan littafin aiki da ke taimaka masa ya gyara kansa idan an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, abin da exFAT ba shi da shi. In kuwa akwai mai Mac a cikinku, exFAT za ka zaɓa, saboda Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Wanda filashinsa ke da kaya kuma ba ya son gogewa, zai iya buɗe Command Prompt da izinin mai kula ya rubuta wannan, yana sauya E da harafin nasa filashin:

convert E: /fs:ntfs

Ba ya goge komai, amma duk da haka a kwafe kayan a wani wuri tukuna.

Na biyu, wanda take cewa wata manhaja tana amfani da fayil ɗin, wani lokaci har da lambar 0x80070021. Outlook ne da kansa ya riƙe shi. Muddin yana buɗe, yana kulle wani sashe na fayil ɗin don kada wani ya taɓa. Za ka ce ai ka rufe shi, kuma na yarda ka danna alamar rufewa, amma Outlook ya saba laɓewa a baya bayan tagarsa ta ɓace, musamman idan wata manhajar kashe bairos ko ta haɗa waya da kwamfuta tana jingine da shi. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka duba ko OUTLOOK.EXE yana nan. In yana nan, ba shi minti biyu ko uku ya fita da kansa, domin mai yiwuwa yana ƙarasa rubutu ne, kuma kashe shi da ƙarfi a wannan lokacin na iya lalata fayil ɗin. Hanya mafi tsabta ita ce ka sake kunna kwamfutar, kada ka buɗe Outlook ko kaɗan, ka yi kwafinka.

To, yanzu kwafin bara.

Abu na farko da za ka duba shi ne ƙarshen sunan fayil ɗin. Windows yana ɓoye shi, sai ka shiga View a cikin File Explorer ka kunna File name extensions. Outlook yana da fayiloli iri biyu da suka yi kama a ido, ɗaya yana ƙarewa da .pst, ɗayan da .ost, kuma harafi guda ɗin nan ya jawo wa mutane da yawa kuka. PST rumbu ne mai zaman kansa: ka ɗauke shi ka kai kowace kwamfuta mai Outlook, zai buɗe. OST kuwa inuwa ce ta abin da ke kan uwar garken kamfanin imel ɗinku, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasiƙunku a can wajensu, kuma a ɗaure yake da asusun da ya haife shi a kan wannan kwamfutar. Ka kai shi wata kwamfuta, Outlook ba zai karɓe shi ba, ko da kuwa babu bait ɗaya da ya lalace a cikinsa. Tun daga Outlook 2013, duk asusun da aka haɗa ta IMAP, ko Exchange, ko Microsoft 365, wato hanyoyin haɗa imel da ke barin wasiƙu a kan uwar garke, OST yake amfani da shi. Asusun POP, wanda ke sauko da wasiƙu ya ajiye su a kwamfuta, shi ne kawai ya rage a kan PST. Mutane da yawa sun koyi kwafin imel tun zamanin Outlook 2007 da 2010, suka ci gaba da yi yadda suka saba, ba su san abin ya canza a ƙarƙashinsu ba. In ka samo fayil ɗinka ne a cikin AppData\Local\Microsoft\Outlook, akwai yiwuwar OST ne ƙwarai. PST yawanci a Documents\Outlook Files yake zama.

Wannan ya shafi fayil ɗinka mai giga 9 na yau ma. Kada ka sha wahalar gyara filashi ka ƙare da kwafe inuwa karo na biyu. Ka shiga File, Account Settings, sannan Data Files, a nan za ka ga kowane asusu da irin fayil ɗinsa da inda yake zaune.

In OST ne, ba kwafe shi ake yi ba, fitar da wasiƙun ake yi zuwa sabon PST. A Outlook na asali da aka saba da shi a ofisoshi, hanyar ita ce File, Open & Export, Import/Export, Export to a file, sannan Outlook Data File. Ka zaɓi sunan asusun can sama, ba Inbox kaɗai ba, ka tabbata akwai alama a kan Include subfolders. Na sha ganin wanda ya fitar da Inbox ya manta da Sent Items, alhali a harkar kuɗi abin da ka aika ya kan fi abin da aka aiko maka muhimmanci ranar da aka yi musu.

Amma kafin ka fitar, akwai tarko guda. Outlook ba ya iya fitar da abin da bai sauko kan kwamfutar ba. A asusun Exchange da Microsoft 365, yawanci wasiƙun shekara ɗaya kawai yake saukowa da su, sauran suna can kan uwar garke, yana nuna maka su ne idan ka nema. Kai kuma shekara bakwai kake so. Ka shiga Account Settings, ka danna asusun sau biyu, za ka ga wani ɗan ma'auni da ake ja hagu da dama, ka ja shi har ƙarshe inda aka rubuta All. Ka rufe Outlook ka sake buɗewa, ka bar shi ya sha data har sai ƙasan tagar ya nuna duk foldoji sun daidaita. Da irin intanet ɗinmu, wannan na iya cin yini ko kwana. Ka yi haƙuri da shi. Haka kuma ka lura da foldojin da aka rubuta This computer only a gefen sunansu, galibi lambobin mutane da kalanda a asusun IMAP. Waɗannan ba su kan uwar garke sam. A cikin OST ɗin nan kaɗai suke, ranar da aka goge kwamfutar sun tafi ke nan.

Kuma kada ka fitar kai tsaye zuwa cikin filashi. Outlook ba ya zuba PST a jere kamar yadda ake kwafin bidiyo, yana rubutu ne ƙanana-ƙanana yana komawa baya yana gyarawa, irin aikin da filashi ya fi rauni a kai. Aikin minti arba'in sai ya koma na awa biyar, filashin ya yi zafi, kuma ko ɗan motsi ya samu a ramin USB, an lalata fayil ɗin. Ka fitar a kan kwamfutar, a wata folda kamar C:\Ajiya, ka rufe Outlook, sannan ka kwafa. Kada foldar ta kasance cikin waɗanda OneDrive, manhajar Microsoft mai ajiye fayiloli a intanet, ke kula da su, domin shi ma zai kama fayil ɗin yana ƙoƙarin ɗora shi sama.

In kuwa ka duba ka ga kwafin bara PST ne na gaskiya, to hankalina ya koma kan filashin kansa, kuma maganar da ka yi cewa a bakin hanya ka saye shi ta sa na fi zarginsa.

Bari in ba ka labarin wani da na gani. Wani bawan Allah ya zo mini da filashi a naɗe cikin ambulan, an rubuta giga 128 a jikinsa da ruwan zinare. Muka saka, komai yana nan: sunan fayil daidai, kwanan wata daidai, girma daidai har bait na ƙarshe. Outlook ya ce bai san wannan ba. Na buɗe cikin fayil ɗin da manhajar da ke nuna ainihin abin da aka rubuta, farkonsa lafiya, muka yi ta gangarawa, can sai sifili. Sifili, sifili, shafi bayan shafi har ƙarshe. Ya matso da kujerarsa yana kallon allon, ya ce, “Injiniya, to wasiƙun suna ina?” Na ce masa ba su taɓa shiga ba. Da muka gwada filashin, bai kai giga 8 ba.

Yadda ake wannan ha'incin shi ne, a ɗauki ƙaramin ƙwayar ajiya a sauya bayanin da ke cikin ɗan guntun da ke sarrafa ta, ya riƙa gaya wa kwamfuta ƙarya game da girmansa. Windows ba ya aunawa, abin da filashi ya faɗa shi yake karɓa. Idan rubutu ya wuce ainihin filin, wasu suna zubar da sauran a iska, wasu kuma suna zagayowa su rubuta a kan abin da ke farko. Jadawalin sunaye yana nan lafiya, shi ya sa ido ba ya ganewa. Wanda ke ɗaukar takardun Word biyu-uku zai yi shekara bai lura ba. Babban fayil irin na imel shi ke tona asirinsa. Fomatin ba ya gyara shi, kuma babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Akwai manhaja kyauta mai suna H2testw, daga Jamus ta fito, ƙarama ce ƙwarai. Aikinta ta cika filashin da bayanai har bakinsa, sannan ta karanta ta ga ko abin da ta zuba shi ta samu. Masu Linux da Mac suna da irinta mai suna F3. Tana cin lokaci, filashi mai giga 32 na iya ɗaukar fiye da awa guda, amma ni ba na ɗora wa sabon filashi amanar komai sai ya ci wannan jarrabawar, ko daga wane shago ya fito, domin mai shagon ma sau da yawa bai san abin da aka sayar masa ba. Ka gwada mai giga 32 ɗin nan yanzu da yake babu komai a ciki. Shi kuma na bara, kada ka gwada shi sai ka kwashe abin da ke cikinsa zuwa kwamfuta. Araha ba ta ado, kuma duk filashin da kuɗinsa ya gaza rabin na 'yan uwansa masu girma ɗaya, akwai dalili.

In filashin ya ci jarrabawa, kuma fayil ɗin PST ne, saura mu ce an katse kwafin ne ko an zare filashin kafin ya gama. Layin da ke tafiya a allo yana iya kaiwa ƙarshe alhali sauran bayanai ba su gama sauka ba. Tun daga Windows 10 sigar 1809 an rage wannan haɗarin, amma har gobe ni sai na danna Eject na jira saƙon izini kafin in zare. Idan wuta ce ta ɗauke a tsakiya, kwamfutar tebur marar UPS ba ta da ta cewa. Ka yi lissafi: filashi mai araha yana rubuta kamar megabait 5 a sakan ɗaya, giga 9 zai ci kusan rabin awa. In ba ka da tabbacin wutar rabin awa, ka jira a tada janareto, kada kuma ka fara dab da lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa ta inji.

Irin wannan lalacewar tana da magani wani lokaci. Office yana zuwa da wata manhajar gyara mai suna SCANPST.EXE, a sababbin sigogi tana cikin C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16, ko a Program Files (x86). Ka kwafo fayil ɗin daga filashi zuwa kwamfuta, ka yi masa kwafi na biyu, ka yi gyaran a kan na biyun. Dalili shi ne SCANPST ba ya ɗinki, yankewa yake yi: duk sashen da bai gane ba sai ya cire shi don sauran su buɗe. Wani lokaci sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ya ce babu sauran kuskure. Abin da ya tsinto wanda bai san gidansa ba, sai ya zuba shi a folda mai suna Lost and Found. Ka kuma duba Properties na fayil ɗin ko akwai alama a kan Read-only, domin Outlook ba ya buɗe PST da ba zai iya rubutu a kansa ba. Wannan ya fi samun fayilolin da suka taɓa bi ta faifan CD ko DVD.

Maganar Read-only ɗin nan tana da wani reshe da ya kamata ka riƙe. Outlook yana rubutu a cikin PST da zarar ya buɗe shi, ko da karatu kawai ka zo yi. Saboda haka kada ka taɓa buɗe ajiyarka kai tsaye daga filashi. Wanda ya yi haka, ya manta, ya zare filashin Outlook yana buɗe, da hannunsa ya lalata ajiyar. Kullum ka kwafo zuwa kwamfuta, ka buɗe kwafin ta File, Open & Export, Open Outlook Data File.

Ga yadda ake tabbatar da cewa abin da ya shiga filashi shi ne abin da ya bar kwamfuta, ba tare da dogaro da suna ko girma ba. Bayan ka gama kwafi, ka yi Eject, ka zare, ka sake sakawa. Zarewar tana da muhimmanci, in ba haka ba Windows na iya karanto maka abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa maimakon abin da ke kan filashin. Sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta waɗannan biyun, ɗaya bayan ɗaya:

certutil -hashfile C:\Ajiya\imel.pst SHA256

certutil -hashfile E:\imel.pst SHA256

Kowanne zai ba ka wani dogon layi na haruffa da lambobi guda 64, tamkar zanen yatsan fayil ɗin. In layukan biyu sun zo ɗaya, kwafin ya yi. In ko harafi guda ya bambanta, bai yi ba. Ka yi wannan kafin ka buɗe ko wanne daga cikinsu da Outlook, tunda buɗewa tana sauya su. Bayan haka ka kai filashin laftof ɗin gida, ka kwafe, ka buɗe, ka nemo wasiƙa mafi tsufa da ka tuna, ka buɗe rasit ɗin da ke maƙale da ita. Ka duba Sent Items. Ka gwada adadin wasiƙun manyan foldoji da na ofis. Gani ya kori ji.

A nan wani abu na iya ba ka tsoro a banza. PST da aka fitar daga asusun IMAP wani lokaci yana nuna foldoji fayau kamar babu komai, alhali girman fayil ɗin ya nuna akwai kaya. Ka duba ƙasan tagar, za ka ga an rubuta Filter applied. Wasiƙun suna nan, wani tace ne da ya biyo su ya rufe su. Ka shiga View, Change View, ka zaɓi IMAP Messages, za su bayyana.

Sauran matsalolin da kan taso a hanya, bari in taɓa su a gurguje. In kwafi ya tsaya cak da saƙon cyclic redundancy check ko lambar 0x8007045D, wani sashe ne ya ƙi karantuwa ko rubutuwa. Ka sauya ramin USB, ka sauya kebul, ka gwada wani filashin. In kuskuren ya bi ka duk inda ka je, to faifan cikin kwamfutar ne ya fara gajiya, kuma wannan ya ƙara wa aikin gaggawa. Had-dis na waje da ke ɗan ƙara “ƙyas-ƙyas” yana ɓacewa yana dawowa, sau da yawa wuta ce ba ta isarsa: ramin USB 2.0 yana ba da miliamfiya 500, na 3.0 mai shuɗin ciki yana ba da 900, kuma ramukan gaban kwamfutar tebur sun fi na baya rauni. Ka saka a baya, da gajeren kebul. Filashin da ya wayi gari yana cewa an hana rubutu a kansa, galibi ƙwayarsa ce ta kusa ƙarewa ya kulle kansa don ya tsare abin da ke ciki. Kada ka ɓata lokaci wajen buɗe shi, ka kwashe kayanka ka sallame shi. Amma in kowane filashi ka saka a kwamfutar ofis sai ta ƙi, to masu kula da kwamfutocinku ne suka rufe ƙofar da gangan, su za ka tuntuɓa. In kuma Windows ya ce sai an yi fomatin kafin a yi amfani da filashin da ka san akwai ajiya a ciki, ka danna Cancel. Manhajar TestDisk ta sha ceto irin wannan.

Sai bairos ɗin nan da duk mai zuwa bizines santa ya sani, wanda ke mayar da foldoji 'yan gajerun hanyoyi masu alamar kibiya. Bai goge komai ba, ɓoyewa ya yi. Kada ka danna kibiyoyin. Bayan manhajar kashe bairos ta share filashin, wannan zai fito da kayan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Darasin da ke ciki shi ne filashin ajiya daban, na kai takarda a buga daban.

Na san a ofis irin naku ba a rasa wanda harkarsa ke kan Gmail ko Yahoo, ko mai amfani da Thunderbird, wata manhajar imel irin Outlook. Mai Gmail ya shiga Google Takeout ya nemi wasiƙunsa, za a ba shi a tsarin mbox. Mahaɗin saukarwar kamar mako guda yake yi ya mutu, kuma Outlook ba ya karanta mbox, Thunderbird ne ke karantawa. Mai Yahoo ya haɗa asusunsa da Outlook ko Thunderbird ta IMAP, ya bari komai ya sauko, sannan ya ajiye. Shi kuma Thunderbird, a rufe shi a kwafe foldar %APPDATA%\Thunderbird gaba ɗayanta, domin maɓallin Export na cikinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce giga 2. A cikin foldar, fayilolin da ba su da ƙarshen suna su ne wasiƙun, masu .msf kuwa jadawali ne kawai. Na ga wanda ya tsince .msf zalla ya kwafe saboda su ne suka yi masa kama da fayil.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba amma ba zan iya shiru a kanta ba. Wasiƙun nan na kamfani ne, kuma a cikinsu akwai lambobin asusun banki da adireshi da sirrin cinikin mutanen da suka amince da ku. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko babu doka, amana ce. Ka sanar da maigidanka kafin ka fita da su daga ofis. Filashi abu ne da ke faɗuwa daga aljihu a cikin adaidaita sahu. Kalmar sirrin da Outlook ke sa wa PST ba kariya ba ce, akwai ƙananan manhajoji da ke cire ta cikin ɗan lokaci. In Windows ɗinku Pro ne, ka kunna BitLocker, makullin Windows da ke hana karanta filashi sai da kalmar sirri, a kan filashin, ka buga mabuɗin ceto a takarda a sa a sef ɗin ofis. In ba Pro ba ne, 7-Zip kyauta ne, yana kulle fayil da tsarin kulli mai ƙarfi da ake kira AES-256, yana ma iya yanka shi gida-gida ƙasa da giga 4 ga wanda dole ta sa ya zauna a kan FAT32. Sai dai ka sani, kalmar sirrin nan in ta ɓace, babu injiniyan da zai buɗe maka.

Game da inda ajiyar za ta zauna, filashi na jigila ne, ban yarda a bar masa tarihin shekara bakwai shi kaɗai ba. Ƙwayarsa tana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da ke zurarewa a hankali idan ya daɗe ba a saka shi a wuta ba, zafi kuma yana ƙara saurin zurarewar. Durowar ofis mai rufin kwano a watan Afrilu ba wurin zamansa ba ne, balle cikin mota. Ka roƙi kamfani ya sayi had-dis na waje guda, a sa kwafi ɗaya a kai, ɗaya a filashin da ya ci jarrabawa, a ajiye su a gine-gine daban don gobara ko ɓarawo kada su haɗa su. Ka sa kwanan wata a sunan kowane fayil, kuma kada sabon kwafi ya hau kan tsoho sai ka buɗe sabon ka ga lafiyarsa. Bayan kowane wata uku, ranar da kuke rufe lissafi, ka fitar da sabo ka gwada shi yadda na bayyana.

In ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin bara da sakamakon H2testw, ka aiko mini da abin da ka gani, da ainihin kalmomin da Outlook ya rubuta lokacin da ya ƙi buɗewa. Allah ya sa a dace.